Ruwa a ƙasa, rairayi a sama: me ya sa garma ta gagara a gundumar Cherry ta Nebraska?

Idan akwai ruwa a ƙarƙashin ƙasa, akwai injin da zai jawo shi, ga takin zamani jibge a shago, me zai hana a noma kowace irin ƙasa, ko da rairayi ne zalla? Tambayar takan taso duk lokacin da aka yaɗa hotunan nan na gonakin Amurka da ake ɗauka daga jirgin sama, korayen da'irori a jere kamar an kife faya-fayi a kan tabarma. Sai ka ji ana cewa ai Bature ya mayar da hamada gona, wai rairayi matsalar talaka ce kawai. A Fabrairun 2025 kuma, da Shugaba Donald Trump ya ce yana son a farfaɗo da aikin bututun man Keystone XL, sai aka tuno cewa tun 2011 mutanen jihar Nebraska suka tsaya kai da fata har aka karkatar da hanyar bututun don kada ya ratsa wani yankinsu mai rairayi. Mai bin labarin daga nesa zai yi mamaki: rairayi kuma har ya kai a yi rigima a kansa?

A ganina mai cewa kuɗi na maganin rairayi da mai mamakin ana kare rairayi, abu ɗaya ne ya shige musu duhu, wato yadda wannan ƙasa ke aiki. Babu inda ya fi dacewa a duba kamar gundumar Cherry, inda akwai ruwa, akwai injuna, akwai jari, amma iyalin da ke son tumatir a bayan gida sai sun gina ƙasar lambunsu da hannu.

Gundumar da shanu suka fi mutane yawa

Cherry tana arewacin Nebraska, ta yi iyaka da jihar Dakota ta Kudu. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 15,000, kusan kashi uku cikin huɗu na jihar Kano ke nan, amma ƙidayar 2020 mutum 5,455 ta samu a cikinta, kusan rabinsu a garin Valentine, hedikwatar gundumar. Shanu kuwa, ita ce kan gaba a duk Amurka wajen yawan shanun haihuwa na nama. Sunan ma, ko da yake a Turanci cherry wani ɗan itace ne, ba daga nan ya samo asali ba, sunan wani hafsan soja ne, Samuel Cherry.

Mafi yawan gundumar yana cikin yankin da ake kira Sandhills, wato tuddan rairayi, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 50,000, rubu'in jihar baki ɗaya. A nahiyoyin Amurka biyu babu tarin tuddan rairayi da ya kai shi girma, wasu tuddan sun haura mita 100. Sai dai in ka tsaya a wurin a watan Yuni ba za ka ga rairayi ba, ciyawa za ka gani iya ganinka. Ruwan sama kimanin milimita 500 ne a shekara, bai fi na Maraɗi da wani abin kirki ba, kuma kusan kashi uku cikin huɗu nasa tsakanin Afrilu da Satumba yake sauka. A ƙarƙashi akwai taskar ruwan Ogallala, wadda ta shimfiɗu ƙarƙashin jihohi takwas. Kusan kashi biyu cikin uku na ruwanta a ƙasar Nebraska yake, kuma a wasu wurare na tuddan kaurin shimfiɗar da ke jiƙe da ruwa ya kai mita 300.

Bahaushe ba baƙon irin wannan ƙasa ba ne, jigawa muke ce mata, kuma tuddan jigawar arewacin ƙasar Hausa su ma tsofaffin tulin rairayi ne da iska ta tara a wani zamani. Har ƙarangiya suna da ita, 'yar'uwar tamu ce ta jini, tana maƙale wa safa da ƙafar kare. Abin da ya raba mu da su sanyi ne, za mu zo kansa.

Me ake nufi da ƙasa mai rairayi?

Masana ƙasa da girman ƙwaya suke rarrabewa. Ƙwayar da ta kama daga milimita 0.05 zuwa 2 ita ce rairayi. Wadda ke tsakanin 0.002 da 0.05 ita ce turɓaya, lallausan garin nan da kogi ke bari bayan ambaliya. Abin da bai kai 0.002 ba shi ne yumɓu. Kowace ƙasar noma haɗin waɗannan uku ce, sai kuma abu na huɗu da zan kira maiƙon ƙasa, wato ruɓaɓɓun ganye da saiwoyi da kashin dabbobi da suka narke suka baƙanta ta.

Kowa zai iya ganin wannan da idonsa. Ɗebi ƙasa ka cika sulusin kwalba, ka ƙara ruwa, ka girgiza sosai ka ajiye. Kafin minti ɗaya rairayi ya kwanta. Turɓaya sai bayan awa ɗaya ko biyu. Yumɓu kuwa yakan kwana yana yawo, ruwan ya yi duhu kamar kunu. Ƙasar da ta mamaye tuddan Cherry, wadda ma'aikatar gona ta Amurka ta raɗa wa sunan garin Valentine a rajistar ƙasashe, in aka yi mata wannan gwaji kusan gaba ɗayanta take zubewa ƙasa nan take, ruwan ya washe. In ka jiƙa ta ka dunƙule a tafin hannu, kana buɗe hannun za ta wargaje. Maiƙonta galibi bai kai kashi 1 cikin 100 ba, alhali baƙar ƙasar masara ta gabashin jihar tana da kashi 2 zuwa 4.

Abin da ya sa wannan bambanci ke da nauyi shi ne, ruwa da abincin shuka a jikin ƙwayoyin ƙasa suke maƙalewa. Yumɓu da maiƙo suna da jiki mai yawa, kuma suna da wani irin maganaɗisu da ke riƙe fotash da kalsiyam da makamantansu har saiwa ta zo ta ɗauka. Ƙwayar rairayi ƙaramin dutse ce mai santsi, ba ta riƙe komai. Ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin kuma manya ne, ruwa na shiga ya wuce kamar an zuba shi a rariya.

Lissafin ruwa

A nan gizo ke saƙar, don haka bari mu yi lissafin dalla-dalla. Yawancin saiwoyin kayan lambu suna cikin santimita 30 na sama. A lallausan rairayi, wannan kauri yana iya ajiye ruwan da shuka za ta iya sha kimanin milimita 20 zuwa 25. A ƙasa mai haɗi da turɓaya, kaurin nan ɗaya yana ajiye milimita 50 zuwa 60. Shuka ba ta jira sai rumbun ya ƙare kafin ta galabaita, da an sha rabi take fara yaushi. Ke nan a rairayi abin da ke hannu milimita 10 zuwa 12 ne. Tumatir da ya girma, a ranar Yuli mai zafi da iska, yakan sha milimita 6 zuwa 8. Kwana biyu bai cika ba rumbun ya kai rabi.

Shi ya sa shawarar da ake ba masu lambu a yawancin wurare, cewa a yi ban ruwa mai yawa sau ɗaya a mako, ba ta aiki a Cherry. In ka zuba milimita 40 a tashi ɗaya, ƙasar za ta riƙe abin da za ta iya, sauran ya zarce inda saiwa ba ta kaiwa, kuma ba shi kaɗai zai tafi ba, da takin da ka zuba zai tafi. Yawan ruwan da ke cikin rijiya bai ƙara wa rairayi girman ciki ba. Wanda ya fahimci wannan lissafi ya fahimci rabin labarin yankin.

Ruwan da ya zarce ɗin bai ɓata ba. Shi ne ke cika taskar Ogallala, shi ne ke fitowa a kwaruruka ya zama tafkuna da fadamu, shi ne ke ciyar da koguna irin su Dismal da Loup, waɗanda ruwansu kusan ba ya ƙaruwa ba ya raguwa rani da damina. Halin da ya sa ƙasar ta zama matalauciya a sama, shi ya sa ta wadata a ƙasa.

Ciyawar da ke riƙe da tuddan

Ciyayin asali na wurin sun san wannan ƙasa. Wasunsu saiwarsu takan nitse mita biyu ko fiye, wasu kuma suna miƙa jijiyoyi a kwance a ƙarƙashin ƙasa suna saƙa ta kamar tabarma. Wannan saƙa ita kaɗai ce tsakanin tudu da iska. Binciken masana duwatsu na Jami'ar Nebraska ya nuna cewa shekara 800 zuwa 1,000 da suka wuce, a wani dogon fari, ciyawar ta mutu a wurare da yawa kuma tuddan sun tashi suna tafiya. A ma'aunin tarihin ƙasa jiya-jiya ne.

Ba sai an jira fari ba kafin a ga alama. Je ka wurin famfon iska inda shanu ke shan ruwa. Kullum hanya ɗaya suke bi su gangaro daga tudu, kofato ya yanke ciyawar, ya bar siririn layi fari. Iskar arewa maso yamma ta samu ƙofa. Takan fara ƙwaƙule layin tana watsa rairayin gaba, rairayin ya binne ciyawar da ke gefe, ita ma ta mutu, bakin ya ƙara faɗi. Cikin 'yan shekaru wurin ya zama rami kamar ƙatuwar ƙwarya, wani har mota ta shige a daina ganinta. Makiyayan wurin suna kallon irin wannan rami kamar miki a jikin dabba. Sukan killace shi, su zuba tsohon ingirici ko tsofaffin tayoyi, su sauya wa shanu hanya, kuma ko da haka warkewar takan ci shekaru. Makiyayin da ramuka suka yi yawa a filinsa, maƙwabta sun san irin kiwon da yake yi.

An gwada garma har sau biyu

Kafin zuwan Turawa, ƙabilun Lakota da Pawnee farautar ɓauna suke yi a yankin. Masu shanu na farko ma tsoronsa suke ji, sai a 1879 da ma'aikatan wani mai garke, E. S. Newman, suka shiga neman shanun da guguwar dusar ƙanƙara ta kora, suka tarar da su sun yi ƙiba, har da wasu da suka ɓace tun shekarun baya. Daga nan kiwo ya kafu.

Gwamnati kuwa manoma take so. Dokar rabon filaye ta 1862 eka 160 take ba iyali, wanda a rairayi bai isa komai ba. A 1904 ɗan majalisa Moses Kinkaid ya samu aka zartar da dokar da ta ɗaga rabon zuwa eka 640 a gundumomi 37 na yammacin Nebraska. Dubban iyalai suka shigo, da yawansu suka sa garma. Shekarar farko da ta biyu masara takan yi, domin tana cin maiƙon da ciyawa ta yi ƙarnuka tana tarawa. Daga nan maiƙon ya ƙare, iska ta kwashe gonar. In kuma suka koma kiwo, saniya da ɗan maraƙinta na buƙatar eka goma zuwa sama a damina ɗaya, eka 640 ba ta ɗaukar garken da zai riƙe gida. Kafin ƙarshen shekarun 1930 yawancinsu sun sayar wa masu manyan garkuna sun tashi.

Karo na biyu da inji aka zo. A 1952 Frank Zybach ya yi rajistar injin ban ruwa mai kewayawa, dogon bututu a kan tayoyi, tsawonsa kimanin mita 400, yana juyawa a kan rijiya ɗaya yana shayar da eka 130 ko kusa. Shi ne mai zana da'irorin da muke gani a hoto. A shekarun 1970, da farashin hatsi ya tashi, masu jari suka baje tuddai a gefen yankin suka kafa injunan. A inda ƙasar ke kwance kuma da ɗan haɗin turɓaya, abin ya zauna har yau. A kan tuddai kuwa kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba: kuɗin mai, kuɗin takin da ke zarcewa, ga iska na yanka shuka. Da rikicin bashin manoma ya zo a shekarun 1980 aka watsar da da'irori da dama, gwamnati ta koma biyan kuɗi a mayar da su ciyawa a ƙarƙashin shirin da aka kafa a 1985. Hoton jirgin sama ba ya nuna wannan ɓangare na labarin.

To yaya ake lambu a irin wannan wuri?

Ana yi, kuma yana kyau. Gida a karkarar Cherry yana iya zama tafiyar awa ɗaya ko fiye daga kantin da ake sayar da kayan miya, don haka lambu ba abin ƙawa ba ne, abin da aka tsinka a Agusta shi ake dafawa a rufe a kwalabe don hunturu. Sai dai lambun ƙarami ne, kuma kafin a yi maganar iri sai an gama maganar wuri.

Ba a yin lambu a kan tudu. Ana neman gindin kwari inda ƙasar ta ɗan yi duhu, amma ba can ƙasan fadama ba inda ruwa ke kwanciya a bazara, domin a wasu fadamun ruwan ƙasa bai kai mita ɗaya daga sama ba, irin wuraren nan ingirici ake yanka a cikinsu. Wuri mafi daraja shi ne tsohon garke, inda shanu suka yi shekaru suna kwana. Wanda bai samu ba sai ya gina: a kawo ruɓaɓɓen kashin shanu da tsohon ingirici a cakuɗa da santimita 20 na sama, wasu su kafa katako su yi fangali mai tudu su cika shi. Aikin ba na shekara ɗaya ba ne, domin iska na shiga rairayi sosai, maiƙo na saurin ƙonewa a cikinsa, kowace shekara sai an ƙara. Mutane kan tambaya me ya sa ba za a kawo yumɓu a zuba a huta ba. Don a sauya halin ƙasa sai an zuba shi lodi-lodi, ga nisan jigila, kuma in bai cakuɗu da kyau ba sai ya yi dunƙule-dunƙule. Taki yana nan a bakin garke kyauta.

Amma takin ma yana da tarko. Wasu magungunan kashe ciyawa da ake fesa wa filayen kiwo ba sa mutuwa a cikin saniya, suna fitowa a kashinta da ƙarfinsu, haka suke zama a ingirici. In aka zuba irin wannan a lambu, ganyen tumatir da wake da dankali sai ya murɗe ya kanannaɗe, mai lambu ya yi ta zargin cuta. Gwajin mai sauƙi ne: a cika gwangwani da takin a shuka wake, a jira ganye na biyu da na uku su fito a ga ko sun miƙe.

Sai iska. A Mayu, ɗan tumatir da aka dasa jiya, iska na iya ɗaukar rairayin fangalin kansa ta yi ta harbinsa da shi har jikin ya ƙuje, kafin la'asar ya kwanta. Shi ya sa za ka ga kowane dashe an kifa masa gwangwanin da aka cire wa gindi, ko an kafa masa fallen katako ta ɓangaren iska. Ana barin layukan hatsin rai, wani dangin alkama mai jure sanyi, a tsakanin fangaloli su zama danga mai rai. Ƙasa kuma ba a barinta tsirara: da ta ɗumama sai a lulluɓe ta da ciyawa mai kauri, ta rage ƙafewar ruwa, ta hana rairayi tashi, ta kuma kare saiwa, domin rairayin tsakar ranar Yuli yana ƙona tafin ƙafa.

Ban ruwa kaɗan-kaɗan ne, akai-akai, kamar yadda lissafinmu ya nuna. Tiyo mai ɗigo a ƙarƙashin lulluɓin ciyawa ya fi mai feshi, wanda iska ke kwashe ruwansa. Rairayin da ya bushe ƙurmus wani lokaci ma ƙin ruwa yake yi, ka ga ruwan na mirginawa a kai kamar a bayan agwagwa, don haka ba a bari ya kai haka. Takin zamani shi ma raba shi ake yi sau uku ko huɗu a damina. Ƙasar galibi ba ta da tsami ko kanwa mai yawa, abin da takan rasa bayan naitirojin, sinadarin da ke cikin takin yuriya, shi ne farar wuta da sinadarin zinki, gwajin ƙasa ne ke nuna hakan.

Sanyi shi ne iyakar da ba a tsallakewa. Raɓa takan daskare har zuwa tsakiyar Mayu, ta dawo a ƙarshen Satumba, tsakaninsu wata huɗu da rabi ne ko ƙasa da haka. A hunturu ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 30 a ƙarƙashin sifili, a Yuli ya haura 40. Rairayi na saurin ɗaukar zafi da rana, wanda ke ba da damar shuka da wuri, amma yana saurin sakinsa da dare, kuma iska mai sanyi gangarowa take yi ta taru a kwari, daidai inda aka sa lambun don neman ƙasa mai kyau. Wurin da ya fi ƙasa mai kyau shi ya fi haɗarin daskarewa, mai lambu da wannan ciniki yake zaune. Saboda haka tumatir da tattasai a cikin ɗaki ake rainonsu tun Maris ko Afrilu, ana zaɓen iri mai saurin nuna. Wasu suna kafa rumfar leda don su ƙara makonni a farko da ƙarshe. A garin Alliance, a bakin tuddan ta yamma, wani tsohon ma'aikacin gidan waya, Russ Finch, ya yi suna da noman lemo a rumfar da ake ɗumamawa da iskar da ta bi ta bututu a ƙarƙashin ƙasa.

Abin da rairayi ke so kuwa yana yinsa da kyau. Karas na fitowa a miƙe ba karkata, dankalin Turawa na fitowa fes ba laka, albasa, kankana, kabewa da wake duk suna jin daɗinsa, kuma awa ɗaya bayan ruwan sama an shiga aiki. Sauran abokan gaba su ne ƙanƙarar da kan tsattsage lambu cikin minti goma, da fara a shekarar fari, da barewa, da wani ɓera mai zama a rami da ke cin saiwa daga ƙasa.

Ina takin da ya zarce yake tafiya?

Wannan ne ɓangaren da ya fi damuna, domin wanda ke biyan kuɗinsa sau da yawa ba shi ne ya zuba takin ba. Naitirojin da ke cikin yuriya ko kashin dabba yakan rikiɗe ya zama naitiret, shi kuma naitiret ko yumɓu ba ya riƙe shi sosai, balle rairayi. Duk inda ruwa ya je, nan zai je. Dokar ruwan sha ta Amurka ta ƙayyade miligiram 10 na naitirojin da ke cikin naitiret a kowace lita, saboda in ya wuce haka yana iya hana jinin jariri ɗaukar iska har jikinsa ya sauya launi. A tsakiyar tuddan, inda ciyawa ke nan daram, ruwan rijiya na da tsabta. A gabas kuwa, a gundumomi irin su Holt da Antelope da Knox inda aka daɗe ana noman masara da ban ruwa a ƙasa mai rairayi, rijiyoyi da dama sun haura ƙa'ida, har garin Creighton ya gina matatar ruwa ta musamman tun farkon shekarun 1990, kuɗin ya hau kan mazauna.

Rijiyar gida kuma dokar tarayya ba ta duba ta, mai ita ne zai kai ruwan gwaji. Naitiret ba shi da ɗanɗano ko wari, tafasawa ma ƙara masa ƙarfi take yi tunda ruwan ne ke ƙafewa. Ɗan lambu ba zai gurɓata taskar Ogallala ba, amma tulin taki da aka jibge kusa da bakin rijiya mara zurfi yana iya gurɓata ruwan gidan. Da wannan ma'auni ake gane tsoron bututun mai: ƙasar da ke barin taki ya wuce ba za ta tare ɗanyen mai ba, kuma ramin da aka haƙa a binne bututu miki ne mai tsawon kilomitoci a jikin ciyawa.

Inda ake saɓani

Masu son faɗaɗa ban ruwa suna cewa injunan yau sun fi na 1970, akwai na'urar auna damshin ƙasa, ana tura taki kaɗan-kaɗan ta cikin ruwan, kuma gundumar da matasa ke ƙaura daga cikinta na buƙatar sana'a. Akwai gaskiya a ciki. Makiyaya da masu kare muhalli, waɗanda ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba, suna amsawa cewa na'ura ba ta sauya girman ƙwayar rairayi, kuma wani binciken Jami'ar Nebraska na 2022 ya sa Sandhills a kan gaba a duniya cikin filayen ciyawa na ƙasashen sanyi da ba a farfasa ba. Hukunci a hannun hukumomin albarkatun ƙasa 23 yake, tsarin da jihar ta kafa a 1972, mazauna ne ke zaɓen shugabanninsu, su ne kuma ke ba da izinin haƙa manyan rijiyoyi. Ni ina tare da masu cewa a bar tuddai da ciyawarsu, domin an gwada sau biyu an ga sakamako.

Saɓanin da ya fi shafar mai lambu kai tsaye na bishiya ne. Nebraska jiha ce mai alfahari da dashe, a can aka fara ranar dashen itatuwa ta Amurka a 1872, kuma a 1902 aka kafa dajin Halsey a kudu da Cherry bisa shawarar masanin tsirrai Charles Bessey, dajin da aka dasa da hannu a kan rairayi. Bishiyar da ta fi jure wurin, wadda kusan kowane gida ya kewaye kansa da ita don kariyar iska, ita ce jan sidar, mai kore rani da damina. Tsuntsaye na cin 'ya'yanta suna watsa irin a filayen kiwo, kuma tunda an daina barin wutar daji ta bi ta share, yanzu tana mamaye ciyawa, tana rage abincin shanu, tana ƙara wa gobara ƙarfi. Masana filayen kiwo na cewa a daina dasa ta, a sare wadda ta bazu, a riƙa cinna wuta da gangan bisa tsari. Makiyayi kuwa yana tsoron wuta a kan tudun da ciyawa kaɗai ke riƙe da shi, uwargida kuma ta san in aka cire layin sidar da ke arewa da gidan, lambunta ba zai kai Yuni ba. Wasu sun fara bin hanyar tsakiya: a bar layin da ke kare gida, a cire matan bishiyar masu 'ya'ya, a riƙa bin fili ana tsinke ƙanana tun suna tsawon gwiwa.

A ƙarshen Satumba, daren da rediyo ya ce raɓa za ta daskare, mutanen gida kan fito da barguna da tsofaffin zannuwan gado su lulluɓe tumatir, ko a samu ƙarin mako biyu. Da an tsinke na ƙarshe sai a watsa hatsin rai a kan fangaloli tun ƙasa na da ɗumi, don ya tsiro ya kama rairayin kafin iskar Nuwamba ta iso.